Shekarar da Na Fasa Tulun Iri

Ranar sunan ɗiyar ɗana Sani ina kwance a ɗaki na ji ɗiyata Hassi tana ba baƙi labarin famfon ƙauyenmu, kuma a karkace ta ba da shi. Wai babanku ne ya matsa mini, wai shi ya ɗauko tulun ya fasa, ni kuwa ina gefe ina sharar hawaye. Na san nufinta. So take ta wanke ni, tun da shi ya riga mu gidan gaskiya, ba mai bin sa can da zargi. To, ba na so. Ban ɗora wa mutumin nan kayana yana da rai ba, ba zan yarda a ɗora masa yana kabari ba. Shi ya sa na aika aka sayo mini littafi da alƙalami, zan rubuta da ɗan bokon da na koya a yaƙi da jahilci, ko da rubutun ya fito kamar tafiyar kaza. Ni Kuluwa, uwarku, ni na fasa tulun nan da hannuna, da hantsi, idona a bushe.

Ku da kuka tashi kuka tarar da babanku da furfura ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Maƙeri ne ɗan maƙera, amma ya tafi Maradi ya koyo aikin inji, ya dawo Tasawa ya kafa rumfarsa a bayan gidanmu. Babban abin da ke cikin rumfar shi ne injin da suke kira tur. Yana riƙe ƙarfe ya yi ta juya shi, sai a kawo wata 'yar wuƙa da ba ta kai tsawon yatsa ba ta riƙa fere shi kamar ana feren rogo. Da ita ake yanka zare, wato layin nan mai zagaye da ake murɗa noti a kai. Ƙarfe in yana cin ɗan'uwansa zafi yake ɗauka, dole a riƙa zuba masa mai, in ba haka ba wuƙar ta ƙone, zaren ya yage. Man da yake amfani da shi daga Najeriya ake kawo masa a garwa. In aka zuba kofi ɗaya a bokitin ruwa sai ya yi fari tas kamar nono. Ni tun farko ban ƙaunace shi ba. Ya tsattsage wa babanku hannuwa, inda ake zubar da shi bayan rumfa ko ciyawa ba ta fitowa, kuma ya taɓa kashe mini kaji biyu da suka ɗauka nonon gaske ne.

Sai shekarar nan ta zo. Damina biyu a jere gero ya fito ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Soja ne ke mulki, su ke raba jar dawar taimako, sunanka in yana cikin takardarsu ka ci, in ba ya ciki ka nemi ganye. Ana cikin haka aka rufe iyakar Najeriya. Masu bin daji suna shigo da man mota a ɓoye, amma wa zai sa ransa a haɗari don ya kawo wa mutum ɗaya garwar man yankan ƙarfe? Garwar babanku ta ƙare, ya kife ta, ya koma gyaran ƙafar amalanke da guduma.

A kakar da ta gabata Inna, mahaifiyata, ta zo daga ƙauyenmu na wajen Hawandawaki a kan jaki, rungume da wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Ba ta ko sha ruwa ba sai da ta ga na tura shi ƙarƙashin gado. Irin gyaɗa ne a ciki, da ɓawonsa, an barbaɗe shi da toka. Wata 'yar ƙaramar jar gyaɗa ce mai saurin nuna, wadda ta gada wurin uwarta, ita ma ta gada wurin tata. Sauran duk ta shuka ƙasa ta cinye, wannan ne kaɗai ya rage a duniya. Ta kama hannuna ta ce:

"Kuluwa, ga amana. In na bar shi gida 'yan'uwanki za su ci shi, kuma ba ni ganin laihinsu, yunwa ce. Ke kina birni, kuna samun dawar gwamnati. Ko mutuwa kike, kada ki buɗe mini shi."

Na ce, "Na ji, Inna."

Ku 'yan birni ne, sai na faɗa muku nauyin wannan magana. A wurinmu manomi yana sayar da akuyarsa, ya sayar da ƙyauren ɗakinsa, ya ci ganyen da jaki ya ƙi, amma ba ya taɓa iri. Gidan da aka ce sun ci iri, har jikokinsu ana yi musu gori. Balle irin mace, na gamanarta, 'yar gonar da ita kaɗai ke da iko da ita. Na san duk wannan sarai lokacin da na ce na ji.

Da bazara ta yi tsanani sai ga Yaya Ɗan Ladi, wana, ya iso da amalanke da wani sa da ake ƙirga haƙarƙarinsa. Ya ɗauko sandunan ƙarfe na cikin famfon ƙauyenmu, masu sauka cikin ƙasa suna jawo ruwa, an murɗa kowace a jikin 'yar'uwarta. Zarensu ya cinye, sun rabu. Tsohuwar rijiyar gari ta koma laka tun tuni, famfon nan kaɗai ke shayar da mutane. Yaya ya zauna a zaure, leɓensa duk ya fashe, ya ce wa babanku:

"Malam, mata na hita tun asuba, sai azahar su komo da tulu guda. Gida bakwai sun tashi. Maigari ya ce in kasuwa biyu ta ci ba ruwa, kowa shi kama gabanshi."

"Inna hwa?" na tambaya daga bayan ƙofa.

"Inna ta ce ita ba ta zuwa ko'ina. Kin san ta."

Na san ta kuwa. In gari ya watse, Inna za ta zauna ita kaɗai a gindin rumbunta har ƙishirwa ta gama da ita.

Babanku ya duba sandunan ya ce aikin mai yiwuwa ne: a datse bakin kowace, a fere, a yanka sabon zare. Wuƙaƙe biyu suka rage masa. Ya gwada da baƙin man da ake juyewa daga cikin mota. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar, zaren ya fito a yage, kafin la'asar bakin wuƙa ɗaya ya ɓalle. Yaya ma ya ce ko da ya yi, ba su son baƙin mai, don an taɓa yi musu gyara da shi ruwan ya yi wata guda yana wari, yara suna zawo. Babanku ya ce a Maradi wani tsohon maigidansa ya taɓa gaya masa man gyaɗa ya fi kowane mai yanka zare mai santsi. Sai dai ina man gyaɗa? Shekara uku rabon kasuwar Tasawa da ganin ƙuli-ƙuli. Man shanu kuwa, shanun ma sun mutu. Ya sa babbar riga ya tafi wurin ajidan, sojan da ke riƙe da rumbun taimako, ya roƙi gwangwani ɗaya na man girki. Ajidan ya ce man baki ne ba na ƙarfe ba, ya sa aka raka shi waje.

Ya dawo ya zauna a tsakar gida. Washegari da safe na same shi yana wasa wuƙar da ta rage, na durƙusa na ce:

"Malam, akwai gyaɗa cikin gidan nan."

Ya ɗago ya dube ni, ya gane wadda nake nufi.

"Kul! Ba ni taɓa amanar surukuwata. Kada in sake jin wagga magana."

"Ba kai aka ba ba, ni aka ba."

"Kuluwa, uwarki ce hwa. In ta yi miki baki?"

"In ta mutu da ƙishirwa, wa za ya shuka irin?"

Ya ce shi dai ba da yawunsa ba, ya tashi ya fita. Wannan shi ne iyakar hannun babanku a cikin lamarin, ku riƙe shi haka. Na shiga ɗaki na jawo tulun. Lakar bakin ta bushe kamar dutse, wuƙa ta kasa, sai na ɗauko taɓarya. Bugu ɗaya ya rabe biyu. Gyaɗar ta zube a kan tabarma, ƙanana, jajaye, ƙamshin tokar murhun Inna yana tashi daga jikinsu. Ban yi kuka ba. Na zauna na ɓare ta duka.

Abin da ban yi tunani ba shi ne ƙamshi. Mace za ta iya ɓoye tulu shekara guda, amma ba ta iya ɓoye suyar gyaɗa a garin da ake yunwa. Ina zuba ta a kasko unguwa ta ɗauka. Kafin in murje ɓawon in kai turmi, kawunan mata sun jeru a kan katanga, yara sun cika ƙofa. Na daka, na zuba ruwan zafi kaɗan kaɗan ina juyawa da taɓarya har mai ya fara tsattsafowa, na matse da hannu har gaɓoɓina suka ƙage. Tiya uku, wato kwanon awo uku, ta ba ni kwalba biyu, ta biyun ma ba ta cika ba. Tunkuzar ban soya ta ba don kada ta sha mai, na gasa ta a busasshen kasko na raba wa yaran gida da na maƙwabta, kowa ɗan guntu. Da matan suka ga na ɗauki kwalaben na nufi rumfar ƙarfe, sai salati ya tashi. Wata ta ɗaga murya ta ce:

"Jama'a, ku zo ku ga mai ba ƙarhe mai, ɗiyanta na cin lalo ba gishiri!"

Hassi, ke kina da shekara bakwai. Kin biyo ni, kin sa yatsa a bakin kwalbar za ki lasa, na buge miki hannu da ƙarfi har kika faɗi. Cikin duk abin da na yi a shekarar nan, wannan bugun kaɗai ke hana ni sukuni har yau. Ki yafe mini shi. Shi kaɗai nake roƙo.

Babanku ya ga mai ya riga ya fito, ba a mayar da shi gyaɗa, sai ya karɓa. Amma ya auna kwalaben da ido ya ce ba za su kai ko rabin aikin ba, sanduna ashirin ne, kowace baki biyu. Ya zuba cokali ɗaya a ruwa yadda ya saba yi da na garwa, man ya taso sama ya yi ido ya ƙi haɗuwa. Ya girgiza, ya sake tasowa. Duk da abin da ke cikin raina sai da na yi dariya.

"Shekara shida a Maradi, ba a koya maka wanke tukunya ba?"

"Mi ya kawo tukunya nan?"

"Mi ke raba maiƙo da tukunya in ba sabulu ba? Shi ke kama mai ya shigar da shi ruwa."

Na ɗauko sabulun salona na gida, na kankare a ruwan ɗumi, na sa maburgin miya ina burgawa ina ɗiga mai. Kafin a jima ruwan ya yi fari, ya yi kauri, bokiti guda daga rabin kwalba. Babanku ya tsoma yatsu ya murza, ya shinshina, ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Muka raba aikin haka: farin ruwan nan na feren ƙarfe, tsantsar man kuma sai an zo yankan zare, ɗigo ɗigo. Ni na tsaya a gefen injin da ludayi ina zubawa, abin da mace ba ta taɓa yi ba a Tasawa, na ajiye ƙwarya a ƙasa tana tarar abin da ya zubo, in tace da tsumma in mayar. Sanda ta farko da ta fito, ya murɗa mata noti da yatsu biyu ya shige sumul har ƙarshe. Ba hayaƙi, ba wari, rumfar sai ƙamshin ƙuli-ƙuli. A rana ta uku ruwan ya fara tsami, ƙudaje da tururuwa suka yi mana caa, akuyar maƙwabta ta shigo tana lasar ƙafar injin. Babanku ya yi tsaki ya ce na garwa bai taɓa yin haka ba. Na ce masa ai shi ya sa, abin da ko ƙuda ba ya so ne ya cinye masa hannu. Kwana huɗu muka gama, wuƙar nan ɗaya ba ta ko dakushe ba.

Ranar da muka gama aka aiko daga wurin ajidan. Babanku ya ce in zauna shi zai je, na yafa mayafi na riga shi fita. Mutumin yana zaune a inuwa da takardar sunaye a gabansa, layin masu jiran dawa ya kai bakin titi. Ya ce an gaya masa muna da abinci a ɓoye.

"Babu sauran komai, ranka shi daɗe. Irin uwata ne, na matse shi don hwamhwon ƙauyenmu."

"Gidan da ke shayar da ƙarfe mai ba ya jin yunwa," in ji shi.

"Mun roƙe ka gwangwani guda ka hana. Da ka ba mu, da irin na nan."

Babanku ya taka mini ƙafa, na janye ƙafata. Ajidan bai ɗaga murya ba, ya jawo takardar ya ja layi a kan sunan gidanmu, ya ce na gaba. Wata biyu muka yi ba ko ƙwayar dawa. Na sayar da tasoshin aurena, muka ci anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciyu. Sani, kai kana goye, gashinka ya koma ja, wuyanka ya zama kamar zare. Allah ya raya ka, ba dabarata ba. Ba zan ce muku abin bai ci mana komai ba, ya ci.

Amma kafin wannan wahala, na bi amalanken Yaya zuwa ƙauye, don ban yarda Inna ta ji daga bakin wani ba. Aka wanke sandunan, aka saukar da su ɗaya bayan ɗaya, gari duka yana tsaye. Aka yi ta tuƙawa ba komai sai iska, can sai famfon ya yi tari, ruwa ya ɓalle. Guɗar da aka yi ranar nan ban sake jin irinta ba. Aka cika ƙwarya aka miƙa wa Inna saboda tsufanta. Ta kai baki ke nan na durƙusa a gabanta na faɗa mata da me aka yanka zaren. Ta sauke ƙwaryar a hankali.

"Duka?"

"Duka, Inna."

"Ko ƙwaya goma ba ki rage mini ba?"

Ban rage ba. Wallahi ko a zuciyata bai zo ba, hankalina duk yana kan cikar kwalba. Da na ware ko cikin tafi ɗaya da irin nan yana nan har yau. Wannan wauta ce, na amsa ta. Inna ta dubi ruwan, ta ce:

"Ruwa na Allah ne, ina sha. Ke kuwa, kin ci amana."

Ta shanye, ta miƙa ƙwaryar ga wata, ta juya ta tafi gida.

Gari bai watse ba, uku daga cikin gidajen da suka tashi ma sun dawo. Damina ta gaba ruwa ya sauka sosai, aka raba wani irin gyaɗa babba mai fari-fari, kowa ya shuka. Inna ta ƙi karɓa, ta bar gefen gamanarta na gyaɗa fili, kowace shekara tana nome shi tas ba ta sa komai. Babanku kuwa ko da aka buɗe iyaka bai sake sayen garwa ba. Na riƙa matso masa man 'ya'yan bedi, wato itacen dogon yaro, wanda ba mai ci balle a yi mini gori, muna haɗawa da sabulu, hannuwansa suka warke. Inna ba ta yi mini baki ba, ba ta kuma hana ni shiga gidanta ba. In na gaishe ta tana amsawa. Sai dai duk abin da na kai mata, goro ko zane ko tuwo, sai ta ce a ba yara. Shekara tara ba ta karɓi komai daga hannuna ba. Dangi sun yi ta zuwa suna cewa in je in ce na yi kuskure, kalma ɗaya ce, a wuce wurin. Na ce ba zan yi wa uwata ƙarya ba. In aka mayar da ni safiyar nan, zan ware mata cikin tafi, sauran kuma in sake matse shi.

Da ciwon ajalinta ya kama ta aka aiko mini. Na iso da rana, na same ta kwance ta zama 'yar mitsitsiya, matan gida suna kewaye da ita. Na durƙusa wajen kanta kamar yadda ake yi, na ce:

"Inna, ki yahe mini duk abin da na yi miki tun ina ƙarama."

Ta buɗe ido ta dube ni. Hankalinta garau yake.

"Har da gyaɗar?"

Matar Yaya tana zungurina a baya, tana raɗa mini in ce e. Ina kuka a lokacin, wannan karon kam na yi kuka, amma na ce:

"Rashin rage miki, e, ki yahe mini. Matsewar kuwa ban yi laihi ba, Inna."

Wata ta ja salati. Inna ta dube ni. Ta motsa baki ta ce:

"Taurin kan uwata ne, ba inda kika bar shi. Tashi ki ɗebo mini ruwa."

Matar Yaya ta yunƙura za ta nufi randa. Inna ta ɗaga yatsa ta tsayar da ita.

"Ba ke ba. Ita. Kuma daga hwamhwo."

Na ɗauki ƙwarya na fita cikin rana, na tuƙa da kaina, na kawo. Na tallafo kanta, ta sha daga hannuna har sau uku.